Turancin da Ya Zauna a Hannun Baba

A shekarun da na yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, jiniya ce ke faɗa wa mutanen kudancin garin Kaduna lokaci, ba agogo ba. Idan ta yi kuka da ƙarfe biyu na rana sai get ya buɗe, kekuna su ɓarke, masu aikin safe na fita, masu aikin yamma na shiga, kowa da burbushin auduga a gira da gemu. Masu ƙosai da masu gasa masara da matan Binuwai masu sakwara duk da kukanta suke ɗora tukunya. Daga baya na zauna a garuruwa da dama, na leƙa masaƙu a ƙasashen mutane, amma ban sake ganin unguwar da ke kwana da tashi a kan ƙarar abu ɗaya kamar Kakurin wancan lokaci ba. Yanzu idan na bi ta can a keke mai ƙafa uku, shirun ne ke damuna.

Ni ƙaramin ma'aikaci ne a ofishin horarwa. Ina da Turancin makaranta, da Faransancin da na tsinta a Yamai wurin kawuna, da Larabcin zaure, don haka duk abin da ya shafi harshe teburina ake turo shi.

A tsakiyar shekarun tamanin, lokacin da ko'ina ake tsuke bakin aljihu, aka kawo sababbin injinan saƙa tare da wani injiniya daga ƙasashen gabas mai nisa. Sababbin injinan ba su buƙatar kanikawa da yawa. Tsofaffin kanikawan ɗakin saƙa su biyar ne, aka ce ba duka za a riƙe ba. Wanda zai zauna sai ya iya karɓar umarni daga injiniyan da Turanci, ya kuma mayar masa da bayani. Aka sa ranar ganawa da kowannensu, nan da mako shida.

Kwana biyu da fitar sanarwar na ɗago kai na ga wani dattijo yana cire takalmansa a bakin ƙofar ofishina, ofishin da ko tabarma babu. Kowa a masaƙar Baba yake ce masa. Ɗan masaƙan gargajiya ne daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau, ya zo Kaduna tun yana saurayi, ya shiga masaƙar tun ana kafa injinan farko. Ana cewa idan ya ɗora tafin hannunsa a jikin inji yakan gane abin da ke damunsa kafin ya buɗe shi. A Makera yake zaune, 'ya'yansa mata uku suna makaranta a Kakuri.

"Malam, ni ne za ka koya wa Turancin nan," ya ce da ƙarfi, don kamar duk wanda ya daɗe a ɗakin saƙa, kunnensa ya yi nauyi.

"Baba, mako shida fa."

"Na sani. Idan aka sallame ni, wa zai ɗauki mai furfura? Ƙauye za mu koma. Can ko gona ba ni da ita, 'yan'uwa sun raba tun da daɗewa. Yaran nan kuma karatunsu ya tsaya ke nan."

Ya tsaya yana jira.

Da na gwada shi sai na ga ba fanko yake ba. Sunan kowane ƙarfe na jikin inji ya san shi da Turanci, ko da yake ya lanƙwasa shi ya koma na Hausa. Yana da Turancin kasuwa ma, wanda yake ciniki da shi a bakin get. Abin da ya rasa shi ne abin da ke haɗa kalmomin su zama umarni. Sai na yi mako guda ina bin injiniyan da ɗan littafi, ina rubuta abin da yake faɗa wa ma'aikata. Da na zauna na duba, sai na ga kusan rabin maganarsa a kan kalma ɗaya take hawa: *take*. Karɓar aiki daga na safe, *take over*. Kula, *take care*. Cire bel, *take off*. Fitar da abu, *take out*. Lura da rubutawa, *take note*. Bi a hankali, *take your time*. Hutu ma *take* ne, shayi ma *take* ne. Na tsamo ashirin da 'yan kai.

Muka fara zama da tsakar rana a gindin wani mangwaro bayan ɗakin cin abinci, kafin ya yi azahar ya shiga aikin yamma. Ranar farko da na karanta masa jerin, sai ya tura hularsa baya.

"Malam, Turawan nan talauci ne ya kama su? Kalma ɗaya kamar jakin gidan gandu, kowa ya zo ya ɗora mata kaya?"

"Baba, ka ci kasuwa jiya?"

"Na ci."

"Da miyar me?"

Ya dube ni, sai ya fashe da dariya. Na ce masa mu ma haka muke: mu ci kasuwa, mu ci jarrabawa, mu ci sarauta, mu ci amana, mu sha iska, mu sha wahala, ba wanda ya taɓa neman cokali. Na gaya masa a Yamai na ji masu Faransanci suna ɗaukar jirgi su ɗauki shayi su ɗauki sanyi, duk da kalma ɗaya. Larabawa kuma duka suke yi, su doki misali, su doki ƙasa idan za su yi tafiya. Kowane harshe da na sani yana da irin wannan baran, kuma ba a koyonsa shi kaɗai, sai da abokin tafiyarsa.

"To rubuta mini su da ajami," ya ce. "Bokon nan idona ba ya kama shi da sauri."

Na rubuta masa Turanci da haruffan Larabci a bayan wani kwalin zare. Ya naɗe shi ya sa a aljihun gaba. Ban tambaye shi yadda zai yi da shi ba, kuma nan ne kuskurena na farko.

Bayan mako biyu ya zo yana murmushi. Ya zauna, ya tanƙwashe ƙafa, ya rufe ido, ya fara ɗan rangaji gaba da baya, ya kawo jerin nan tun daga kan na ɗaya har na ƙarshe, kowanne da ma'anarsa da Hausa, ba tuntuɓe ko ɗaya. Hadda ya yi, kamar yadda aka koya masa karatu tun yana yaro. Na ji daɗi ƙwarai, har na tafa.

Akwai wata mata mai buga tafireta a ofishinmu, 'yar Filato, Hausarta irin ta Jos, bakinta ba ya ajiye magana. Madam muke ce mata. A gindin mangwaron nan take cin abincin rana, dafaffiyar gyaɗa yawanci, daga 'yar gonarta ta Kamazou, lokacin can duk gonaki ne. Ta gama sauraron haddar, ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zaninta.

"Baba, sannu da ƙoƙari. To ga tambaya. Bel ya tsinke, injiniya na so ka cire shi. Me zai ce maka?"

Baba ya rufe ido. Leɓunansa suka fara motsi. *Take over, take care, take time*... Yana ƙirgawa da yatsu, sai da ya kai na goma sha ɗaya sannan ya buɗe ido ya ba ta amsa, daidai kuwa.

"Kai, Baba! Kafin ka iso, ai injin ya haɗiye zaren rabin Kakuri."

"Madam, karatu daga farko ake ɗauko shi. Haka malaminmu ya koya mana, kuma bai taɓa ba mu kunya ba."

"Malaminku bai taɓa tsayawa gaban injin da ke hayaƙi ba."

"Ke kuma da wannan baki naki, mijinki yana samun damar yin tari a gida kuwa?"

"Yana yi, idan na ba shi izini."

Suka yi dariya su biyu, ni ban yi ba. Na ga inda muka makale. Kalmomin suna kansa, amma a ɗaure suke da juna kamar raƙuman ayari, ba za ka jawo na tsakiya ba sai na gaba ya taso. Na yi kwana uku ina yi masa tambayoyi a hargitse, ya ƙi. Da an tambaye shi sai ya koma farko. Har ya fara jin haushina.

Madam ce ta ce, "Malam, kai ɗan ofis ne, shi ya sa. Kai shi ɗakin saƙa."

Kafin ta koyi tafireta ta yi shekara huɗu a gaban inji, ta san abin da ni ban sani ba sai daga nesa. A ɗakin saƙa ba a jin magana. Ɗaruruwan injina na bugawa lokaci guda, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafarka, ko ka sa baki a kunnen mutum sai dai ya ga leɓenka. Don haka masu aikin suna da maganarsu ta hannu, wadda ba wanda ya rubuta ta, sabo yana koya daga tsoho. Bahaushe da Batibi da ɗan Kagoro da Bayarabe duk da ita suke magana, kuma ban taɓa ganin an yi gardama a kanta ba. Ka dafa ƙirji ka tura hannu gaba, na miƙa maka aiki. Ka sa yatsa a ƙarƙashin ido, yi hattara. Ka zare yatsu biyu daga wuyan hannu, cire bel. Ka yi rubutu da yatsa a tafin hannu, lura da wannan. Ka kifa tafuka biyu ka sauke su a hankali, kada ka yi gaggawa.

"Duk abin da ke kwalin nan naka," in ji Madam, "Baba ya fi shekara ashirin yana faɗarsa da hannu. Ka liƙa kowanne a jikin alamarsa, shi ke nan."

Haka muka koma yi. Tana sadaukar da rabin hutunta na rana, mu shiga tsakanin layukan injina mu uku. Ta yi alama, Baba ya maimaita ta da hannunsa, sannan ya ƙwala Turancinta da iya ƙarfinsa, ni kuma ina gabansa ina karanta leɓensa, in gyaɗa kai ko in girgiza. Nan na gane wani abu da ban lura da shi a gindin mangwaro ba. Can yana jin nauyin a ji dattijo kamarsa yana kuskure a gaban na baya. A nan kuwa ƙarar injin ta rufa masa asiri, ya yi kuskure son ransa, ba mai ji. Cikin kwana goma ayarin ya warwatse. Da hannunsa ya motsa, kalmar sai ta faɗo. Ya fara ɗinka su da sunayen ƙarafan da ya sani, suna zama zance. Ina tuna wata rana da muka fito, kunnuwanmu na amo, ya tsaya yana kallon harshen wutar matatar mai da ke ci can wajen Rido, ya ce, "Ashe Turancin nan ba shi da nisa."

Ranar ganawar ya zo da wankakkun kayan aiki da sabuwar hula. Ni aka sa in zauna a kusurwa in rubuta abin da aka faɗa. Manajan ma'aikata, wani mutumin Binuwai mai son tsari, ya ja mini kunne tun a waje.

"Kai marubuci ne yau, ba tafinta ba. Ko tari ban yarda ka yi ba."

Ofishin akwai darduma, akwai na'urar sanyi, shiru kamar ba a cikin masaƙa ake ba. Baba ya cire takalmansa a ƙofa. Sai da aka nuna masa kujera sau biyu sannan ya ɗofana a bakinta. Ya sunkuyar da kai, ya haɗa hannayensa biyu ya cusa su tsakanin gwiwoyinsa, ya matse. Haka aka rene shi ya zauna a gaban manya. Mutum mai tarbiyya ba ya wurga hannu a fuskar shugabansa.

Injiniyan ya yi tambayar farko, mai sauƙi: idan ka shigo aiki da ƙarfe biyu, me kake fara yi?



Na ga leɓun Baba sun fara motsi, idonsa ya rufe. Ya koma farkon hadda. A lokacin na ga kuskurena na biyu. Fiye da mako biyu muna ɗora Turancinsa a kan hannu, ban taɓa zaunar da shi a kujera cikin ɗaki mai shiru in ga abin da zai yi da hannun ba. Ga shi ladabi ya ɗaure hannun, Turancin kuma yana ciki. Gumi ya keto masa a ƙarƙashin hula duk da sanyin ɗakin. Manaja ya dubi agogonsa, ya jawo takardar gabansa, ya cire murfin biro. Na san abin da ake rubutawa da irin wannan motsin. Na dubi hannun Baba har idona ya yi zafi, ko zai ɗago ya gan ni. Bai ɗago ba.

Injiniyan gajere ne, mai furfura, kan ɗaya daga cikin yatsunsa ya guntule. Daga baya na ji cewa shi ma tun yana matashi yake ɗakin saƙa a ƙasarsu, kuma kunnensa bai fi na Baba ba. Ina jin ya ɗauka tsohon bai ji tambayar ba ne. Sai ya yi abin da kowane ɗan ɗakin saƙa ke yi idan ba a ji shi ba. Ya ƙwanƙwasa tebur don Baba ya ɗago, ya kifa tafukansa biyu ya sauke su a hankali. Sannan ya nuna agogon bango, ya ɗaga yatsu biyu, ya buɗe hannu alamar tambaya.

A ɗakin saƙa, idan aka yi maka magana da hannu ka ƙi mayarwa da hannu, raini ne. Na ga Baba ya yi jim tsakanin ladabi biyu. Sai hannunsa na dama ya zame daga tsakanin gwiwoyin, ya dafa ƙirji.

"*I take over from morning man!*"

Da muryar ɗakin saƙa ya faɗe ta. Manaja ya zabura har bironsa ya faɗi. Baba bai ma lura ba, yatsansa ya riga ya hau tafin hannu.

"*I take note which machine stop! I take off belt, I check am!*"

Injiniyan ya matso da kujerarsa, fuskarsa ta saki, ya jefo wata tambayar, shi ma da ihu. Idan zare yana yawan tsinkewa a inji ɗaya fa? Baba ya miƙe tsaye bai sani ba, yana nuna inda zai duba da abin da zai fitar, da abin da zai bi a hankali, hannu na tafiya baki na binsa. Turancin ba mai kyau ba ne, na kasuwa yana kutsowa ciki, amma ba inda injiniyan ya ce a maimaita. Suka shiga gardama a kan wani ƙarfe, tsofaffi biyu masu nauyin kunne suna yi wa juna tsawa a kan darduma, har masinja ya leƙo ya ga ko faɗa ake yi. Ni kuwa na kasa rubuta rabin abin da aka faɗa.

Manaja ya ɗaga hannu, ya ce da Hausa, "Baba, a hankali mana. Nan ofis ne, ba ɗakin saƙa ba."

Sai a lokacin Baba ya ga kansa a tsaye. Ya koma ya zauna da sauri, kunya ta rufe shi.

"A gafarce ni, ranka ya daɗe. Can Turancin nawa yake zaune, da ƙyar na kirawo shi."

Manaja ya rufe bakinsa da takarda, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Bayan mako guda aka liƙa sunaye a allon sanarwa na bakin get, dab da canjin aiki. An riƙe uku, an sallami biyu. Na kutsa cikin mutane na ga sunan Baba na biyu a jerin waɗanda aka riƙe. Na juyo ina nemansa, na hango shi riƙe da kekensa a gefe, na taho da sauri ina ɗaga murya.

"Baba! Barka! Ka ci!"

Ya kama hannuna ya matse, da ƙarfin mai murɗa ƙarfe.

"Rage murya, Malam. Suna ji."

Na bi idonsa. Kanikawa biyun da aka sallama suna tsaye a jikin katanga, kowanne da akwatin kayan aikinsa a ƙasa. Tare suka shigo masaƙar da Baba tun farko. Ofishina a buɗe yake mako shidan nan, ba su zo ba, ni ma ban je na neme su ba. Har yau nakan yi tunanin wannan.

Jiniya ta yi kuka, masu aikin yamma suka fara turuwa ciki. Baba bai bi su ba. Ya tura kekensa zuwa jikin katangar, ya ɗauki akwatin ɗayan ya ɗaure a bayan keken, ya rataya na ɗayan a gaba. Ya waiwayo ya ce mini, "Ka gaya wa injiniya zan makara. Zan raka su gida."

Suka kama hanyar Makera su uku a ƙafa, keken na tsakiyarsu.